ƘIRAR JIRGI ITA CE HALINSA: ABIN DA NA KOYO A BAKIN KOGIN BINUWAI

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma gani ya kori ji. A dogon hutun da ya gabata kawuna ya biyo ta nan Keffi ya ɗauke ni in raka shi Loko, wai tunda ina jami'a sai in rubuta masa takardar ciniki. Jirgin ruwa yake son saya, wato kwale-kwale, domin yana da gonar shinkafa a wata fadama wadda idan damina ta yi nisa ba a kai mata sai ta ruwa. Shekara da shekaru yana biyan masu fito, ya ga gara ya mallaki nasa. Ni kuwa a lokacin duk ilimin ruwan da nake da shi bai wuce wankan da muka yi a rafin Antau muna yara ba. A ganina jirgi jirgi ne, babba ya fi ƙarami, shi ke nan.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in nuna wa mai karatu cewa ba haka abin yake ba. Duk abin da aka ƙera domin ya hau ruwa, ko kwale-kwale ne, ko goran masunci, ko allon da wasu mutane ke durƙusawa a kai su hau igiyar teku, halinsa a ƙirarsa yake. Kuma babu ƙirar da ke ba da abu kyauta. Duk abin da ta ba ka a nan, sai ta karɓe wani a can.

Yadda na sha ruwa a Loko

Daga Keffi ana bi ta garin Nasarawa ne a gangara kudu har Loko, a bakin Kogin Binuwai. Tsohuwar tashar jirage ce tun kafin zuwan Turawa, kuma tsallaken kogin shi ne Oweto, ƙasar Agatu ta Jihar Binuwai. Tun da aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto a shekarar 2023 motoci suka daina jiran fito, amma manoma da masunta da mutanen ƙauyukan gaɓa har yanzu jirgi ne jakinsu.

Wurin wani dattijo aka kai mu, wanda ya gaji su, kuma yake sassaƙa jirage yana harhaɗa na katako. Kawu na can yana zagaya manyan jirage, ni kuma na hangi wani ɗan siriri da aka fafe daga gungume ɗaya, na ce zan gwada. Na taka na shiga, na miƙe tsaye kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ban san sa'ad da jirgin ya zame daga ƙarƙashina ba. Allah ya taimake ni ruwan iya ƙirji ne, sai dai wayata ta sha, yara kuma suka samu abin dariya.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ba a tsaya masa. Durƙusa, ka buɗa gwiwoyinka su taɓa gefe da gefe."

Na ce, "Baba, ai jirgin ne ba shi da kyau."

Ya ce, "Yana da kyau ga mai shi. Kai ne ba ka tambaye shi aikinsa ba."

Na durƙusa kamar yadda ya ce, sai ga jirgin da ya kayar da ni ya natsu. Dalilin ba boyayye ba ne. Nauyin mutumin da ke tsaye ya taru ne wajen cibiyarsa, kimanin mita ɗaya sama da ƙasan jirgin, don haka da jirgin ya ɗan karkata sai nauyin ya fita daga kansa ya ƙara ja. Wanda ya durƙusa ya sauko da nauyin nan kusa da ruwa, gwiwoyinsa kuma sun zama kamar hannuwa biyu da ke riƙe da jirgin. Mai karatu ya riƙe wannan batu na durƙuso, za mu dawo gare shi.

Faɗi da tsawo

Kawu tun farko mai faɗi yake so, don a cewarsa ba ya son abin da zai riƙa yi masa rawa. Yana da gaskiya ta wani fanni, domin faɗi shi ne maganin tangaɗi. Idan jirgi mai faɗi ya karkata, gefen da ya nutse yakan ture ruwa mai yawa, ruwan kuma ya turo shi ya mayar da shi daidai. Amma faɗin nan da ke hana rawa shi ne ke hana gudu, saboda sai jirgin ya buɗa hanya mai faɗi a cikin ruwa kafin ya wuce. Mai inji ba zai damu sosai ba, mai ne kawai zai ƙara sha. Mai tuƙi da filafili kuwa, idan ya fuskanci ruwan Binuwai na watan Satumba, a kafaɗarsa zai biya kuɗin faɗin.

Tsawo shi ne ke ba da gudu da miƙewa. Dogon jirgi siriri yakan tsaga ruwa kamar allura, kuma idan an tura shi sau ɗaya yakan yi nisa bai karkace ba. Gajere kuwa duk bugun filafili sai goshinsa ya waiwaya, hagu, dama, hagu, dama, rabin ƙarfin mai tuƙi a gyaran hanya yake ƙarewa. To amma a shiga da dogon cikin ƙorama mai kwana-kwana ko cikin ciyawar fadama, nan za a gane kurensa, don juya shi sai an yi da gaske.

Wannan sani ba na jiya ba ne. A shekarar 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe a yau, ya ci karo da wani baƙin itace a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus, cikinsu har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi a 1994, aka tarar jirgi ne da ya kai kimanin shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kuwa rabin mita kacal. Wato tsawon ya ninka faɗin kusan sau 17, ga goshi da baya an fiƙe su tsaf. Duk wanda ya sassaƙa jirgin nan ya zaɓi gudu ya bar natsuwa, kuma ina da yaƙinin masu shigarsa ba a tsaye irin tawa suke shiga ba.

Ciki da gantsarwa

A nan ne dattijon ya fi daɗewa, ya sa aka kifa jirage biyu a kan yashi don mu gani. Ɗaya cikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, na katako ke nan. Ɗayan kuma zagayayye kamar akushi, shi ne sassaƙen gungume.

Mai shimfiɗaɗɗen ciki ba ya nitsa da yawa, saboda haka yana wucewa inda ruwa bai kai gwiwa ba. Wannan babban abu ne a Binuwai, domin da rani kogin yakan ja baya, tsibiran yashi su fito ko'ina, sai ka ga mutane sun sauka suna turin jirgi. Haka kuma yana da daɗin lodi, buhu ya zauna daram, har babur ana hawarwa. Illarsa ita ce yana bin fuskar ruwa duk yadda ta karkata. Idan igiya ta zo masa ta gefe, yadda ta tashi haka zai tashi, kuma natsuwarsa tana da iyaka: zai yi ta riƙewa, yana riƙewa, ran da ya wuce iyakar nan sai ya kife gaba ɗaya ba sallama. Zagayayyen ciki kuwa tun kana taka shi yake rawa, amma igiya takan wuce ta ƙarƙashinsa ba ta ɗaga gefe ɗaya sosai ba, kuma ya fi sulɓi a ruwa. Kamar yadda dattijon ya faɗa, ɗaya yana tsorata ka kullum, ɗayan kuma sau ɗaya zai tsorata ka.

Sai abin da ni na ga ya dace a kira gantsarwa, wato yadda ƙasan jirgi ke lanƙwasa daga goshi zuwa baya, tsakiya ta sauka, bakin nan biyu su ɗaga. Jirgin da ya gantsare da yawa yana juyawa a kan cikinsa cikin sauƙi, goshinsa kuma yakan hau igiya maimakon ya soke ta. Amma ya rage tsawon da ke cikin ruwa, don haka gudu ya ragu, iska kuma ta samu abin kamawa. Wanda bai gantsare ba ya fi gudu a ruwa mai kwanciya, sai dai idan iskar hadari ta taso yakan riƙa caka goshi yana kamfatar ruwa.

Batun itace ba zan daɗe a kai ba. Maɗaci da kawo da loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, suna da nauyi amma suna jure ruwa. Rimi ba shi da nauyi, yana da sauƙin sassaƙa, sai dai ba ya daɗewa. Manyan itatuwan da za a fafe jirgi guda daga cikinsu sun yi wuya yanzu, shi ya sa na katako da ƙusa da kwalta suka fi yawa.

Daga gora zuwa allon durƙuso

Da na dawo makaranta ina ba da labarin faɗuwata, sai wani abokin karatuna da ya tashi a Legas ya ce ai akwai masu durƙuso a teku ma. Ya nuna mini hoton bidiyo a waya, daga nan na shiga bincike.

Kafin mu je teku, mu tuna muna da namu. Duk wanda ya ga bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya ga masunta sun faɗa Matan Fada kowa da homarsa da ƙaton goransa. A kan goran nan masunci ke kifa ƙirjinsa ya yi iyo, a cikinsa kuma yake zuba abin da ya kama. ('Yan uwana ɗaliban harshe su lura, akwai gora namiji, ɗan duma, akwai kuma gora mace, sandar da ake tokara jirgi da ita. Rubutu ɗaya ne, karin sauti da jinsi suka raba su.) Gora zagayayye ne ta ko'ina, ba shi da goshi ba shi da baya, saboda haka yana juyawa duk inda ake so nan take, amma ba ya gudu ko kaɗan. Masuncin kuwa ba gudu yake nema ba, abin da zai riƙe shi a sama hannuwansa na aiki yake nema.

A bakin teku kuma, hawan igiyar ruwa a kan allo tsohon wasa ne a Afirka ta Yamma. Wani Bafaranshe mai suna Jean Barbot ya ga yara suna yi da guntayen katako a Elmina a 1679, haka wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya gani a Akra a 1834. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tattara irin waɗannan bayanai a littafinsa na 2018. A yau ma matasa na yi a Tarkwa Bay da ke Legas. Yawanci a tsaye ake hawa ko a kwance, amma akwai masu hawa a durƙushe, kuma allonsu daban ake ƙera shi. Shi na kira allon durƙuso. Tsawonsa yakan kama daga mita ɗaya da rabi zuwa kusan biyu, faɗinsa ya ɗan haura rabin mita, wato ya fi na tsaye faɗi don gwiwoyi biyu su samu wuri.

Akwai bambanci guda tsakaninsa da kwale-kwale. Kwale-kwale a cikin ruwa yake zaune yana ture shi. Allon kuwa idan igiya ta ɗauke shi yakan hau saman ruwan ne yana sululu, kamar ɓallin tukunya da yara ke jefawa ya riƙa tsalle a kan tafki. Gudu ne ke riƙe shi. Duk da haka cinikin ɗaya ne. Mai faɗi da kauri yana saurin kama ƙaramar igiya, amma a babba mai tsayi yakan yi gardama, ya ƙi kwanciya a gefensa. Mai gantsarwa da yawa yana juyawa cikin ƙuƙumin igiya ba ya caka goshi, amma a raunanan ruwa ja da baya yake yi. A ƙarƙashinsa ta baya akwai fiffike kamar na kifi, ɗaya ko biyu ko uku ko huɗu, wanda ke hana bayan zamewa. Babban fiffike yana riƙewa amma yana taurin juyi, ƙarami yana sakin jiki amma yana iya sulɓewa.

Mutum biyu sun isa misali. George Greenough, mutumin Santa Barbara a Kalifoniya, ya ƙera wani allon durƙuso a tsakiyar shekarun 1960 da ya sa wa suna Velo. Ya rarake tsakiyarsa kamar cokali, ya bar shi siriri har yana lanƙwasa, ya kuma kwaikwayi wutsiyar kifin tuna wajen yin fiffikensa. A babbar igiya mai ƙarfi allon nan ya yi juyin da ba a saba gani ba, har Nat Young na Ostareliya ya ci gasar duniya ta 1966 a San Diego da fiffike ƙirar Greenough. Amma allon da kyar yake iya tsayawa a saman ruwa, a ƙaramar igiya ba shi da wani amfani. Shi kuwa Steve Lis na San Diego, a 1967 ya bi wata hanyar: gajeren allo mai faɗi, bayansa a tsage biyu kamar wutsiyar kifi, da fiffike biyu. Ya yi hakan ne don takalman iyon da ke ƙafarsa su daina jan ruwa ta gefe, sai ga shi ya samu allo mai tsananin gudu, har masu hawa a tsaye suka ara. Wanda ya je saya ya ce a ba shi irin na Greenough don sunansa, alhali ruwan garinsu ƙanana ne, ya yi asarar kuɗinsa. Shi ya sa masu ƙera allon ke fara tambayar mai saya nauyinsa, da tsawonsa, da irin igiyar da yake hawa. Tambayoyin da dattijon Loko ya yi wa kawu ke nan: me za ka ɗauka, wane ruwa za ka bi, wa zai tuƙa?

Ragowar baki

Mai allo idan ya yi kuskuren zaɓe, wasansa ne ya ɓaci. Mai jirgi kuwa rayuka ne a hannunsa, don haka bari mu ɗan yi lissafi.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma jirgi yakan nitsa ne har ya ture ruwan da ya kai nauyin abin da aka ɗora masa. A ce jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita 1.2 a tsakiya. Tunda ya tsuke gaba da baya, filin da ya taɓa ruwa zai kai murabba'in mita 7. Ke nan duk kilo 70 zai nitsar da shi santimita ɗaya. A ce ba kaya akwai santimita 45 tsakanin ruwa da bakinsa. Buhu 20 masu kilo 100 za su cinye kusan santimita 29. Mutum biyar su shiga, 5 ta tafi. Saura 11, ko taƙi ɗaya bai cika ba. A gaɓa, inda ruwa ke kwance, kowa zai ga jirgin lafiya lau. A tsakiyar kogi igiyar da wani mai inji ya bari a bayansa ta isa ta leƙo ciki.

Ruwan da ya shiga kuma ya fi buhu sharri, domin buhu yana zaune inda aka ajiye shi, ruwa kuwa gudu yake yi zuwa gefen da ya karkata. Santimita 2 kacal a daɓen jirgin da muka misalta kilo 140 ne, kamar ƙarti biyu da ke rugawa gefen da ake tsoro duk lokacin da jirgin ya motsa. A nan shimfiɗaɗɗen cikin da kawu ke so ya fi muni, tunda ruwan na da filin gudu. Shi ya sa kwarfe ruwa ba aikin raini ba ne. Haka nan kaya masu nauyi a ƙasa ake jera su, mutane kuma su zauna. Darasin durƙuson nan ne dai.

Ba labari ne na nesa ba. A watan Mayun 2021 jirgi ya tarwatse a Kogin Neja kusa da Warra ta Jihar Kebbi da mutane fiye da 150 a ciki. A ƙarshen Nuwamban shekarar, a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, jirgi ya kife da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa aƙalla mutum 29, galibinsu yara. A Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara. Allah ya ji ƙansu. Yawan lodi yana cikin abin da aka fi ambata a irin waɗannan haɗura. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ruwa, amma ni a ganina ko an sa riga, fasinjan da ya iya duban bakin jirgi ya ce ba zan shiga ba ya fi kowa tsira. Mun iya cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne, sai dai a bakin mashigi kunya takan hana mu sauka.

Abin da kawu ya saya

Kwana biyu muka yi ana ja-in-ja. Kawu ya nace a kan wani faffaɗa mai gajeren baki, don ya fi araha kuma ya ga zai ci buhu da yawa. Dattijon ya ce, "Alhaji, shinkafarka yaushe take nuna?" Kawu ya ce wajen Oktoba. Ya ce, "To lokacin kogi a cike yake. Ka tuna 2012, ka tuna 2022 da aka saki ruwan Lagdo daga Kamaru. Wannan na rani ne, na masu ɗiban yashi. Kuma yaranka ne za su tuƙa, ba ka da inji."

A ƙarshe ya ɗauki wani na katako da bai kai wancan faɗi ba, amma ya fi shi tsawo da zurfin baki, goshinsa a ɗage. Dattijon ya sa aka loda masa buhunan yashi har ya nitsa iya inda ya yarda, sannan ya ɗauko fenti ja ya ja layi a jikinsa gefe da gefe. Ya ce ranar da ruwa ya rufe layin nan, a sauke buhu ko a sauke mutum. Buhu 14 ne ya kai layin, ba 20 da kawu ya ƙudurta ba, wato sawu uku zai riƙa yi inda ya so yin biyu. Har muka hau mota yana mita. Ni kuma na rubuta takardar cinikin a bayan wata takardar darasi, saboda wayar da na yi niyyar ɗaukar hoton shaidu da ita tana cikin shinkafa tana bushewa.